Mun ba tsohon marubucin tele aikin wasan ƙungiyarmu: ga yadda muka same shi

Duk ƙungiyar mata ko ta matasa da ke son a rubuta mata wasan kwaikwayo na ban dariya a Damagaram, akwai wani dattijo a unguwar Zango da ya kamata ta san da zamansa. Ya yi shekaru yana tsara wasannin barkwanci da aka nuna a tele, yanzu ya yi ritaya yana karɓar aiki daga makarantu da ƙungiyoyi da masu porje. Ba shi da allo a ƙofa, ba shi da ofis. Zauren gidansa ne wurin aikin: tabarma, ɗan tebur, da kwali cike da littattafan rubutu irin na ƴan lakwal. Bai so a sa sunansa a intanet ba, don haka zan ce masa Baba, yadda muke kiransa. Mun ba shi aiki, mun biya, mun yi wasan a gaban jama'a, kuma a ganina kuɗinmu bai faɗi ba. Sai dai akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya je, masu daɗi da marasa daɗi.

Ni ce ma'ajiyar wata ƙungiyar asusu ta mata a Garin Malam, mu 32 ne. Tsarinmu irin na Mata Masu Dubara ne, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991: zubi duk mako, akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku dabam-dabam, a ba mai sana'a rance, ƙarshen zagaye a buɗe akwati a raba. Abin da ya dame mu shi ne rancen da ba ya dawowa a kan lokaci. An ci tara, an yi nasiha, an aika dattijuwa gida-gida, har gaisuwa ta fara yin sanyi tsakanin maƙwabta. Shugabarmu ce ta kawo shawarar mu faɗi maganar cikin wasa a ranar matan Nijar, 13 ga Mayu, ranar da ake tunawa da tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991 saboda mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa. Ranar ce mazan unguwa ke zuwa kallo ba tare da an roƙe su ba, kuma muna son su ji.

Abu na farko da ya bambanta Baba da sauran waɗanda muka tuntuɓa shi ne ya ƙi ɗaukar alƙalami. Na zayyana masa matsalar, ina jiran ya ce in dawo ranar kaza in karɓa, sai ya ce: “Ɗiyata, ban san bakinku ba, me zan sa muku a ciki? Ku nemar mini izinin maigidan da kuke taro a gidansa, in zo in ji ku.” Aka nemi izini, ya zo ranar zubi ya zauna can gefe ƙarƙashin dogon yaro, bai ce uffan ba har aka tashi. Daga baya da na ga littafinsa, ba adadin kuɗi ya rubuta ba, ba kuma abin da aka yanke ba. Ya rubuta cewa akwai wadda ba ta fara magana sai da “ni dai ba ruwana, amma”, akwai wadda ke ƙirga kuɗi sau biyu tana kallon mai shi, akwai wadda kullum in ta makara sai ta ce layin famfo ne ya riƙe ta, ko da an yi kwanaki famfon bai kawo ba. Duk waɗannan sun shiga wasan, kuma masu su ne suka fara dariya.

Sannan ya tambaye ni, ba tare da sunan kowa ba, inda kuɗin rancen ke tafiya in ya ɓace. Na lissafa masa uku da na sani: maigida ya ara da sunan kwana biyu, ko ankon biki ya ci, ko zazzaɓin damina ya kwantar da yaro. Na ukun ya ajiye shi gefe nan take, ya ce ba a dariya da mai jinya, wannan maganar ku yi ta a taronku ku ware mata asusun taimako. Sauran biyun ya riƙe.

A nan muka sami saɓani da shi. Kwamitinmu na son a fito da mace mai taurin bashi marar kunya, a yi mata tas a gaban jama'a. Baba ya ce zai iya rubutawa, za a kuma yi dariya, amma duk mai bashi da ke zaune a wurin za ta ce ai ni ban kai haka ba, sauran kuma za su juya su kalli mutum biyu ko uku da kowa ya sani, waɗannan ba za su ƙara taka taronku ba, kuɗin ma ya tafi ke nan. Ya ce a ba shi dama ya yi mai bashin mace ce da kowa zai so, mai kirki, mai kunya, wadda kunyar ce ma ta jefa ta cikin ƙarya. An ja magana sosai a kwamiti kafin a yarda. Ina cikin waɗanda suka goyi bayansa, domin ni ke zuwa karɓar bashin nan, na kuma san yawancinsu ba mugunta ba ce.

Ga abin da ya kawo mana. Jarumar wasan laƙabinta Sai-Alhamis, saboda duk lokacin da aka tambaye ta sai ta ce a bari a ci kasuwar Dole ranar Alhamis. Ta karɓi rance don ta sayi gyaɗa ta yi mai da ƙuli-ƙuli. Mijinta ɗan kabu-kabu ne, tayarsa ta fashe, ya lallaɓe ta ya karɓi kuɗin, abin da ya rage kuma ƙanwarsa ta kawo ankon suna. Ranar da ma'ajiya ta yi sallama, Sai-Alhamis ta rasa wurin ɓuya, sai ta faɗa cikin tanon ruwa, wato duro, wanda yake wayam tunda famfo ya daɗe bai kawo ba. Ma'ajiya ta shigo, babu kujera, ta zauna a kan murfin tanon ta fara gaisuwa, gaisuwar nan tamu da ba ta ƙarewa, ina gajiya, ina zafi, ina su Inna, ina labarin waɗanda ke Kano. Suna cikin haka sai ga ɗan ga-ruwa da kurarsa, wanda mijin ya yi kwanaki yana bi yana roƙo, ya iso da bido cike yana cewa a buɗe tano.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi kyawun abin da na taɓa gani an yi da matsalar ruwan garin nan. Dole mijin ya buɗe baki, a Damagaram, a cikin watan Mayu, ya ce: “Ba ma son ruwa.” Ɗan ga-ruwa ya ajiye bido ya tambaye shi ko lafiya. Maƙwabta suka leƙo ta katanga don su ga mutumin da ya ƙi ruwa. Wata ta ce a kira malam. Ma'ajiya, da zuciya ɗaya, ta ce in kuɗi ne babu ita za ta biya sadaka, a zuba. Mijin ya ce tanon ya huje, ɗan ga-ruwa ya ce shi ya iya liƙi, a ɗaga ya gani. Kowace ƙarya sai ta haifi wadda ta fi ta, har Sai-Alhamis ta gaji ta ɗaga murfi da kanta ta faɗi inda kuɗin ya tafi.

Wanda bai zauna garin nan ba ba zai gane dalilin da ya sa mutane suka riƙa faɗuwa daga kan benci ba. Garinmu a kan dutse yake, rijiya ba ta da sauƙi, ruwan da muke sha daga nesa ake janyo shi, daga Gogo da Arunguza da Ganaram, kuma da bazara kowace mace ta san tashin dare don jiran famfo. Baba bai yi wa kowa huɗuba a kan ruwa ba, bai zargi kowa ba. Ya ɗauki abin da ke damun kowa ya mai da shi tarkon da ya kama mijin. Kuma da gangan ya sa nauyin ƙaryar a wuyan namiji: matar tana cikin tano ba ta magana, shi ke zufa a waje.

Na tambaye shi me ya sa bai sa yaron nan da ke fitowa ya ce “Inna ta ce a ce ba ta nan” ba, tunda muna da yarinya mai wayo da za ta iya. Ya ce wannan dariyar an riga an cinye ta tun yana saurayi, duk wanda ya gan ta tafe zai yi murmushi ne kawai don ya san ta. Ya ce dariya mai ƙarfi ita ce wadda ɗan kallo ya hango da daƙiƙa biyu kafin ta iso, ba da shekara 40 ba. Shi ya sa ya sa a ji ƙarar kurar ɗan ga-ruwa daga waje kafin ya shigo. Da mutane suka ji ƙarar, suka tuna wa ke cikin tano, wurin ya ɗauki ihu tun ba a ce komai ba.

A zaman da muka riƙa yi da shi ne na ji tarihinsa, gutsure-gutsure, domin ba mai son ba da labarin kansa ba ne. Haifaffen unguwar Birni ne. Mushe ne tun farko, ya koyar a makarantun ƙauyuka wajen Mirriya da Magarya, kuma a can ya fara haɗa wa yara ƴan wasanni na ƙarshen shekara. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a watan Afrilun 1974 aka farfaɗo da samariya, kowace unguwa da ƙauye da ƙungiyarta, ana gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo tun daga unguwa har zuwa bikin matasa na ƙasa. Duk malamin makarantar da ya iya tsara magana sai a jawo shi. Haka ya shiga. Da Télé Sahel ta fara watsa shirye-shirye ga jama'a a ƙarshen shekarun 1970, wasan Hausa ya sami sabon gida, kuma Damagaram ta yi suna a wannan fage, musamman ta dalilin tawagar su Yazi Dogo. Baba bai taɓa ce mini yana cikin waccan tawagar ba. Ya ce tasu ƙarama ce, sun koya ne da kallon manya, daga baya aka fara ɗaukar nasu wasannin ana nunawa. A lokacin tele ɗaya ce a unguwa, a gidan samariya ko a ƙofar wani mai hali, yara a ƙasa manya a baya, saboda haka marubuci ya san kaka da jika za su kalla tare, dole maganarsa ta zama wadda ba za ta sa wani ya sunkuyar da kai ba. Har yau da wannan ma'aunin yake aiki.

Ya ce a wancan zamani ba a rubuta kowace kalma. Shafi biyu ko uku ne: wa ya shigo, me yake so, me ya hana shi, a kan wace magana za a fita. Sauran ƴan wasa ne ke cikawa da bakinsu a wurin gwaji, marubuci na zaune yana zaɓe, wannan ta zauna, wannan a zubar. Kuma a ƙarƙashin mulkin soja kowa ya san iyakarsa: ana iya yin dariya da ɗan kasuwa mai ɓoye hatsi, da ƙaramin ma'aikaci mai son na goro, da uban da ya cire ɗiyarsa daga lakwal, amma ba a ɗaga kai sama da haka. Ya ce wannan matsin ne ya koya musu faɗin magana a kaikaice.

Abin da ya taɓa ni a labarinsa shi ne yadda aikin ba shi da fuska. Ɗan wasan da ya faɗi maganar da shi ya ƙirƙira, in ya shiga kasuwa mahauta na ƙara masa nama, yara na bin sa suna maimaita maganar. Shi kuwa yana iya tsayawa a gefensa ba wanda ya san shi. Bai taɓa ciyar da gidansa da rubutu ba. Albashin koyarwa ne ya riƙe shi, yanzu kuma fansho. Daga baya aka shiga zamanin porje, ana biyan su su rubuta a kan rigakafi da karatun ƴaƴa mata da tsaftar ruwa, kuɗin ya fi na da, amma ya ce sau da yawa ana kawo masa saƙo biyar a ce ya cusa cikin minti goma, dariyar ta shaƙe. Sannan kaset ɗin Kano suka cika gari a shekarun 1990, su marigayi Ibro suka mamaye, sai faifai, yanzu kuma waya. Yawancin abin da ya rubuta ba shi da hotonsa ko ɗaya. Abin da ya rage masa shi ne littattafan nan da ke cikin kwali, wasu gara ta taɓa gefensu. Na faɗa masa, kuma ina nan a kan bakana, ya kamata ɗaliban Jami'ar André Salifou su zo su ɗauki hoton shafukan nan tun yana da ran da zai yi musu bayani. Mutumin da aka sa wa jami'ar sunansa ma marubucin wasan kwaikwayo ne, shi ya rubuta wasa da Faransanci a kan Sarki Tanimun. Na Hausa da aka yi wa talakawa su ma tarihin garin ne.

Wani abin da na yaba masa shi ne yadda ya yi amfani da wasan barkwancin da ke tsakanin ƙabilu. A ƙungiyarmu akwai Barebari akwai Fulani, sai ya sa ma'ajiyar wasan Babarbariya ce, Sai-Alhamis kuma Bafulatana, don haka duk baƙar maganar da ta shiga tsakaninsu ta taubasai ce, kowa ya san ba ta da dafi. Ya sa wani Bakano mai sayar da atamfar anko, wanda ya sha tsiya a hannun Damagarawa ya kuma rama, wasan da manya ke dangantawa da yaƙe-yaƙen zamanin Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga. Wannan al'adar UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar a 2014, amma Baba ya ce ana yawan ɓata ta a wasannin yanzu, domin sharaɗinta shi ne wanda aka tsokana ya sami bakin ramawa a nan take. In ɓangare ɗaya ne kawai ke magana, zagi ne. Akwai kuma abubuwan da ya ce ko nawa za a biya shi ba ya rubutawa: kwaikwayon mai in'ina ko makaho ko gurgu, mai da baƙauye wawa, da wasan cin mutuncin ɗan siyasa lokacin zaɓe. Garin da ke da wasan kara, inda talaka ke shigar shugaba yana kwaikwayonsa a gaban hukuma kowa na dariya, ya ce bai rasa hanyar taɓa manya da ladabi ba.

Gwajin ma yana cikin kuɗin, kuma a nan ne aka ga tsohon malamin makaranta. Cikinmu akwai waɗanda ba su yi boko ba, sai bai ba kowa takarda ta haddace ba. Yana faɗa wa mace halin da take ciki da maganar da dole ta faɗa kafin ta fita, sauran ta faɗa da bakinta. In ta faɗi abin da ya fi nasa daɗi, ya soke nasa ya rubuta nata, ba ya jin komai. Ya koya mana jiran dariya ta sauka kafin a ci gaba, da juyowa wajen jama'a, da kada mutum biyu su yi magana tare sai in faɗa ake. Tunda mata ne zalla, ya ba da shawarar mace ta fito a mijin da babbar riga da hular kwano, wanda ya ƙara wa abin armashi ya kuma kawar da maganar cuɗanya. Ya duba tanon da kansa, ya sa aka huda shi ta baya saboda iska, ya auna tsawon lokacin da mutum zai iya zama a ciki cikin zafin Mayu, ya rage fitowar don kada a cutar da mai shiga.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba.

Baba ba ya cika alkawarin lokaci. Ranar da ya ce a zo a karɓa ba ita ce ranar da aka karɓa ba, kuma wayarsa ƙarama ce, ba WhatsApp, sau da yawa a kashe. Sai an taka an je. Mun fara gwaji a makare saboda haka, kuma mata masu girki da yara ba su da lokacin da za a matse musu a ƙarshe. Da na yi masa magana ya ce fitowa ta uku ce ba ta nuna ba, ba zai ba mu ɗanye ba. Na yarda da gaskiyarsa, amma da ya faɗi haka tun farko da mun tsara kanmu.

Rubutunsa da hannu ne, kuma Hausar tasa da ƙa'idar Faransanci yake rubuta ta yadda ƴan zamaninsu suka saba. Yarinyar da ta buga mana a kwamfuta a wani shago kusa da kasuwa ta sha wuya, sai da na zauna kusa da ita ina karanta mata. Kuɗin bugu da kwafi daga aljihunmu ya fita, ba ya cikin cinikin.

Babban abin shi ne ƙarshen wasan. A rubutunsa na farko, bayan Sai-Alhamis ta fito daga tano, mai unguwa ne ke shigowa ya yi doguwar nasiha a kan amana da riƙon alkawari, kowa ya yi shiru ya ce gaskiya ne ranka ya daɗe. Wannan sabon tele ne na zamaninsu, inda dole babba ya rufe taro. Mu kuwa ƙungiyar mata ce, a ranar mata, matsalar da muke warwarewa da kanmu duk mako ba tare da mai unguwa ba. Na ce masa: “Baba, ka ba mu wasan duka, ka zo ƙarshe ka miƙa wa namiji.” Bai ji daɗi ba. Ya ce jama'a na son a tattara musu magana. Muka tsaya a kan namu, ya tafi da littafin, ya dawo da wani ƙarshen: ma'ajiya ta buɗe littafin asusu a kan murfin tanon, ta rubuta sunan mijin a matsayin mai bashi, zai riƙa kawo dala 100 kullum daga aikin kabu-kabu, ɗan ga-ruwa ne shaida. Ya fi na farko nesa ba kusa ba, shi ma ya faɗa. Amma sai da aka ja da shi. Wanda ke jin nauyin musu da dattijo zai tashi da nasihar mai unguwa.

Haka nan bakin ƴan mata na yanzu ya kuɓuce masa. Akwai budurwa a wasan, ƙanwar mijin, kuma maganganun da ya sa mata irin na iyayenmu ne suna ƴan mata. Ɗiyar shugabarmu da ta fito a wurin ita ta sake su gaba ɗaya. Wanda ke son ɗan bidiyo na minti ɗaya don TikTok ko Facebook, ba wurin Baba zai je ba. Shi yana gina abu a hankali, sai an yi minti biyar ana shimfiɗa kafin babbar dariya ta zo. A fili gaban jama'a wannan ne ƙarfinsa. A waya an wuce tun ba a kai wurin ba.

Kuɗin da muka biya jika 40 ne na sefa don wasan kusan minti 25, rabi kafin ya fara, rabi ranar da ya miƙa. Zuwansa taro da gwaji duk a ciki, mu ke biyan adaidaitar da ke kawo shi ta mai da shi. Wasu samari sun ce za su yi mana a kan jika 15, amma da suka ba mu labarin abin da za su yi, wasan Kano ne da kowa ya gani a waya aka canza wa sunaye. Ga asusu irin namu jika 40 ba ƙaramin abu ba ne, sai da aka kaɗa ƙuri'a. Ya gaya mana yana karɓar fiye da haka a hannun porje, ƙasa da haka a hannun makarantar gwamnati.

Ba ya ba da rasit, don haka ku rubuta yarjejeniya da kanku. Mu mun rubuta a takarda da shaidu biyu: muna iya yin wasan sau nawa muke so, in mun ɗauki bidiyo mun watsa a ambaci wanda ya rubuta, in kuma wani porje ko gidan tele ya nemi saye, a koma wurinsa a yi sabon ciniki. Shi ya kawo wannan sharaɗin na ƙarshe, ya ce akwai ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, amma mutanen zamaninsa da yawa ba su kula da rajista ba sai da suka ga aikinsu a hannun wasu.

Mun yi wasan bayan la'asar a filin unguwa, da lasifika ta haya. Ba zan ce ya warware mana matsalar bashi ba, domin har yanzu akwai waɗanda ake bi. Abin da na gani da idona shi ne a zubin da ya biyo baya ba wadda ta ƙaurace, wasu sun kawo wani abu daga cikin abin da ake bin su, wata kuma ta faɗi a gaban kowa cewa nata kuɗin maigida ne ya karɓa, maganar da a da ba a furtawa a taro. Wani magidanci ya aiko ƙanensa da kuɗi a ƙulle a leda, da saƙon a gaya wa ma'ajiya shi yana son ruwa. Kwamiti ya kuma amince da ƙaramin asusun jinya, shawarar da Baba ya bayar tun ranar farko.

Wanda zai je, ya je da wuri. Daga watan Afrilu zuwa Yuni makarantu ne ke cika zaurensa saboda bukukuwan ƙarshen shekara, da azumi kuma ba ya karɓar aiki. A ba shi aƙalla wata biyu, a faɗa masa ranar da ta riga ta gaskiya da mako biyu, a tanadi wanda zai buga rubutun, a kuma shirya yin musu da shi a kan ƙarshe. Mu mun riga mun kai masa kafin alƙalami na wasa na gaba, a kan ankon biki da yadda yake cin jarin mata, da sharaɗin ƴan matanmu biyu za su riƙa zama da shi suna rubuta nasu ɓangaren. Ya yarda, ya ce su zo da littafinsu da biro, kuma kada su makara.